Usta Abdurradi Ya Gwada Mota Marar Direba

Abu Dhabi, makon farko na Shawwal

Zuwa ga yayana Midhat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi Sallah lafiya, kai da Ni'imat da yara. Yaya ƙafar Ni'imat? Ka ce mata in ba ta rage tsayuwar kicin ba, maganin da na aiko ba zai yi mata komai ba. Mu nan lafiya lau, Hamdi da Rawan suna gaishe ku. Cukun da kuka aiko ya iso, Baba ya tura shi can ƙuryar firji kamar akwai ɓarawo a gidan.

Na zaɓi in rubuto ne don na san halinmu a waya: in fara, ka katse ni, in ɗaga murya, ka ce ba ni da kunya. Ga gidan ɗan mitsitsi, kunnen Baba kuwa babu abin da ya same shi.

Mun koma wurin likitan ido. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin sa. Abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya tsare abin da ya rage. A gaban Baba ya ce kada ya sake riƙe sitiyari. Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, muna fitowa ya ce mini, "Yaron nan ko lasisi yana da shi kuwa?"

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Ka san motocin nan marasa direba da ke yawo a unguwarmu. Ran da Baba ya fara ganin ɗaya ta sha kwana sitiyari yana juya kansa, sai da ya yi a'uziyya. Ya ce, "Wannan ai makara ce aka sa wa taya. Nahid, in kika sa mini jika a ciki, ban yafe ba." To yanzu mutumin nan ya sa maigidana Hamdi ya koya masa yadda ake kiran ta, kullum ina fita aiki shi ma sai ya fita. Kujerar gaba yake zama. Ya je kasuwar kifi, bai sayo ko ƙaya ba, ya dawo. In na tambaye shi sai ya ce shan iska ya je. Baba da shan iska! Mutumin da shekara arba'in bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba, ko kai da ya haifa.

A bayan kasuwar kifin akwai wurin shan shayi da direbobi 'yan ƙasarmu suke zama. Zuciyata tana ba ni can yake zuwa, ko dai tikitin komawa gida yake nema, ko wani yana ba shi sitiyari ya ɗan taɓa. Shekaranjiya kuma na ji yana ce maka a waya, "Ka riƙa tayar da ita, kada batir ya kwanta." Yana ganina ya koma zancen farashin tumatir.

Yaya, ka gaya mini gaskiya don Allah. Me kuke ƙullawa kai da shi?

Ƙanwarka,
Nahid

Damanhur, tsakiyar Shawwal

Zuwa ga likitar gidanmu,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, ƙafar Ni'imat da sauƙi, ta ce a gode miki. A gaida Hamdi, a shafa mini kan Rawan.

Ƙulle-ƙulle kika ce? Mota ce ta yi wata da watanni a ƙarƙashin tanti, mai ita ya ce a riƙa tayar da ita. In wannan ne makirci, to duk makanikan Damanhur 'yan makirci ne.

Zancen ido kuma, ki yi haƙuri, bai shige ni ba. Ran Juma'a da muka yi waya ta bidiyo, a gabana ya karanta jarida babu tabarau, har ƙananan rubutun ta'aziyya. Ya dube ni ya ce akwai miya a wuyan rigata, na duba, akwai. Wannan ne makahon? Likitocin garinku in ba su samo wa mutum cuta ba ai ba su yi aikin ranar ba.

Ga abin da ba ki sani ba, tunda kin daɗe da barin mu. Mu'allim Dasuƙi, shugaban tasha, ya tare ni bayan sallar Idi. Ya ce don girman Baba ne ya riƙe masa layinsa har yau, amma direbobi sun fara gunaguni. Zai jira zuwa Babbar Sallah. In motarsa Fijo ba ta shiga lodi ba bayan nan, za a ba wani layin, ƙa'ida ce, ko ubansa ne. Kin san kuma wanda ya rasa layi a tashar Iskandariya ya rasa shi ke nan. Tun rasuwar Mama me ya rage wa Baba in ba motar nan da tashar nan ba? Ni na gan shi a watannin farko, ke ba ki gani ba. Ran da ba ya kan hanya sai ya zauna ya zuba wa bango ido har la'asar. In aka raba shi da sitiyari, ki fara tanadin likkafani.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ke da kike tsoron ya tuƙa motar da ya san ta kamar tafin hannunsa, ke ce kike barin sa kullum a cikin ƙarfen da babu kowa a ciki. Ni ban ma yarda babu kowa ba. Akwai wani a wani ɗaki mai sanyi, yana ɓare gyaɗa yana juya motoci goma a lokaci ɗaya, ran da ya tashi shiga bayi sai dai mu ji labari. A nan in direba ya buge mutum, an san gidansu, a je a zauna da manya, a dubi idonsa, ya ji kunya har ya mutu. Wannan fa, idon wa za a duba?

Ni'imat ta tambaye ni wata tambaya, na ce mata ta yi shiru, amma ta tsaya mini a rai. Ta ce, tun zuwan Baba, wa yake zama da Rawan in ta dawo daga makaranta? Ban ce komai ba, tambaya ce kawai.

Yayanki,
Midhat

Abu Dhabi, ƙarshen Shawwal

Yaya,

Salam. Lafiyarmu ƙalau, Baba yana ɗiga maganinsa in na tsaya a kansa. A gaida Ni'imat, a ce mata Rawan tana da mai kula da ita tun kafin Baba ya san hanyar filin jirgi. Wallahi maganar nan ta yi mini zafi. Na karanta ta a wurin aiki, sai da na shiga ɗakin ajiye kaya na yi kuka. Wato uban da ya haife ni na mayar ɗan raino?

Kai malamin lissafi ne, bari in yi maka yadda za ka gane. Ka naɗe jarida kamar bututu, ka rufe ido ɗaya, ka leƙa ta ciki. Haka Baba yake ganin duniya. Abin da ke tsakiya yana ganin sa tar, shi ya sa ya ga miyar wuyanka. Abin da ke gefe, musamman dama, babu shi. Kuma ba duhu yake gani ba balle ya san akwai abin da ya ɓace masa, shi a wurinsa komai daidai yake.

Ni ma na zarge shi a banza, babu ruwansa da masu shayi. Na tsare shi bayan cin abinci na ce sai ya gaya mini, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Gwada ta nake yi."

Na ce, "Gwada wa?"

Ya ce, "Sabuwar direbar taku. A tasharmu ana ba sabon direba layi ne haka kawai? Sai usta, wato babban direba, ya zauna a gefensa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ya ga inda ƙafarsa take rawa. Ba ke kika ce ta fi ni gani ba?"

Sai a lokacin na tuna. Ran da muka dawo daga likita muka yi cacar baki a bakin titi, ɗaya daga motocin nan ta wuce, na nuna ta na ce, "Wannan da babu kowa a ciki ta fi ka gani, Baba." Ni na faɗa na manta, shi ya riƙe. Ya ce in ta ci gwajin, zai ajiye mukulli da hannunsa. In ya kama ta ba ta gani, to ni da likitana mu kama bakinmu.

Kullum yana dawo mini da rahoto. Wai ba ta san ana yi mata magana da fitila ba. Wai wani dattijo ya haɗa yatsu ya ɗaga mata alamar ta dakata, ba ta san me yake nufi ba, ta dai tsaya ne don ya shigo gabanta. Wai a shataletale tana jira kamar amarya, har na baya su ƙosa. Akwai maɓallin da in ka danna wata yarinya take amsawa daga ofishinsu, ya mayar da ita abokiyar hira. Na ji ya ce mata, "'Yata, ki gaya wa mai gidanku motarsa tana da ladabi, amma ba ta da zuciya."

Ban ce motar nan waliyyiya ba ce. Amma a sashen gashin ƙashi nake aiki, kullum hannuna yana kan ƙafafun da mota ta karya. Wanda yake duba waya, wanda barci ya ɗauke, wanda ya yi faɗa da matarsa ya fito. Duk masu zuciya ne, Yaya, kuma duk an san gidajensu.

Don hankalina ya kwanta, na ɗauke fasfonsa na ajiye a wurina.

Nahid

Abu Dhabi, tsakiyar Zulƙida

Yaya Midhat,

Salam, ina fatan lafiya. Shirun ya yi yawa. Na san saƙona ya iso, kuma na san kana waya da Baba, don ina jin sa yana dariya a baranda, in na leƙo ya yi tsit. Jiya na ji ya ce, "Na gaba biyu kawai, na baya da sauran ƙwarinsu." Tayoyi kake saya wa motar? Ya kuma sa Hamdi ya sauko masa da akwatinsa wai zai duba zif. In kun riga kun yanke shawara ku gaya mini, kada ku mayar da ni sakarya a cikin gidana.

Nahid

Damanhur, ƙarshen Zulƙida

Nahid,

Wa alaikis salam. Muna lafiya. Jarrabawa ce ta riƙe ni, takardun yara sun kai mini wuya. Amma ba zan ɓoye miki ba, ko babu jarrabawa da ban amsa da wuri ba, don na fara rubutu na yage ya fi a ƙirga.

Kin ɗauke fasfonsa. Na maimaita layin nan har ya zauna mini a ka. Irin abin da muke jin ana yi wa 'yan aikin gida, shi kika yi wa Usta Abdurradi, wanda in ya shigo tasha matasa suke kashe sigari. Ya sani kuwa? In bai sani ba kin yaudare shi, in ya sani kin wulaƙanta shi. Ki zaɓi ɗaya.

Na yi abin jaridar da kika ce. Na naɗe, na leƙa, na ga talabijin sarai, na ga Ni'imat tana yi mini dariya. Ban ga abin tashin hankali ba. Direba ai yana da wuya, yana juyawa, yana da madubi uku. Baba ya yi shekara arba'in tsakanin nan da Iskandariya da mutum bakwai a bayansa, cikin tirela da keken jaki da masu tsallaka titi kamar an koro su, bai taɓa kai kowa asibiti ba. Motarku wata nawa ta yi, a titin da aka share aka yi masa zane kamar littafin yara? A kawo ta mahaɗar kasuwar Damanhur ranar Alhamis mu gani, in ba ta zauna ta yi kuka ba.

E, na sa tayoyin gaba, shi ya ce a sa. Ban ga laifin ɗa ya bi umarnin ubansa ba. Labarin gwajin kuma ya riga ya zaga tasha, don shi da kansa yake bugo wa Mu'allim Dasuƙi. Yanzu kullum sai an tambaye ni, "Yaya, Usta ya ba ta layi ko tukuna?" a yi ta dariya. Wani ya turo mini bidiyon irinta a wata ƙasa ta tsaya cak a tsakiyar titi, motar asibiti tana bayanta tana kuka. Ko gaske ne ko haɗi ne ban sani ba, amma ban ga abin da zai hana ba.

Abu ɗaya nake so ki amsa mini tsakaninki da Allah. Ke da idonki kin taɓa ganin ya kasa ganin wani abu? Ba likita ya ce ba, ba na'ura ta nuna ba, ke. In ba ki gani ba, ki mayar masa da fasfonsa, Sallah ta ƙarato.

Yayanki duk da haka,
Midhat

Abu Dhabi, farkon Zulhajji

Yayana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Ka zauna kafin ka karanta.

Tambayarka ta kama ni, don gaskiya ban taɓa gani ba. A gida ya san inda komai yake. Saboda haka ran Juma'a na ce zan bi shi. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa farar jallabiyarsa, ya ce, "Zo ki ga yadda ake aiki." Ya zauna gaba, ni a bayansa. Ashe ƙafarsa ta dama ba ta hutawa, yana taka birkin da babu shi, yana sakewa, yana ƙunƙuni, "Yanzu... yanzu... a'a, kin makara... to, madalla."

Zan faɗa maka har abin da ba na son faɗa. A ƙofar wani masallaci mutane sun ajiye motoci layi biyu, an bar 'yar hanya da kowane direba zai bi ya wuce. Ta tsaya ta ƙi motsi. Na baya suna ta hon, wani ya fito yana yi mata nuni da hannu, ina, sai da Baba ya danna maɓalli yarinyar nan ta yi abin da za ta yi. Ya juyo ya ce, "Kin gani? Da mai naƙuda muka ɗauko fa?" Gaskiyarsa ce.

A hanyar dawowa muka shigo wani miƙaƙƙen titi mai furanni a gefe, babu mota ko ɗaya a gabanmu. Wani mai ban ruwan furanni yana jan tiyo da baya da baya, tiyon ya maƙale, ya fizga, ya taka ya faɗo cikin titi ta damarmu. Kafin in buɗe baki motar ta riga ta taka birki, har jakata ta zame ƙasa. Tsakaninmu da shi bai fi tsawon tabarma ba. Ya dafa ƙirji, ya koma gefe da sauri, motar ta ci gaba.

Na dubi ƙafar Baba. Ba ta motsa ba.

Sai ya buga cinyarsa ya ce, "Na kama ta! Wallahi na kama ta! Titi fayau, babu ko kyanwa, ta taka birki. Da tirela ce a bayanmu da yanzu ana wanke mu. Wannan ce ta fi ni gani?"

Na ce, "Baba, mutum ne ya faɗo."

"Wane mutum?"

"Mai ban ruwa. Ga shi can a baya, ka juya."

Ya juya ta hagu, mun riga mun sha kwana. Ya yi dariya ya ce, "Kayya, Nahid. Har kin kai ga ƙirƙiro mutum don ki kare ƙarfe? Uwarki ba ta iya ƙarya ba, ban san inda kika koyo ba."

Kayan aikin mutumin ruwan lemo ne, Yaya, daga wuya har ƙafa, irin wanda ake hangowa daga nesa. Rana tsaka.

Muna isa gida ya ce gwaji ya ƙare, ta faɗi. Ya miƙo hannu ya ce, "Fasfona. Na san yana cikin akwatin ɗankunnenki tun ran da kika ɗauka, na yi shiru ne in ga iyakarki." Na durƙusa, na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da kabarin Mama. Ya ce in ni 'yar halak ce in ba shi, in kuwa na hana, ko gawarsa kada in zo. Na ba shi. Hamdi ya yi iya ƙoƙarinsa, Baba ya ce masa, "Kai kuma surukina ne, ba ubana ba."

Zai sauka filin jirgin Iskandariya ran Laraba da hantsi. Ya riga ya gaya wa Mu'allim Dasuƙi a sa shi a lodin farko bayan Sallah.

Na san abin da za ka ce, cewa na shirya labarin ne don ka tambaye ni. Ba ni da shaida, ba ni da hoto, ban san sunan mutumin ba. Ni dai na gani. Mukulli yana hannunka, mutum bakwai kuma za su zauna a bayansa.

Nahid

Damanhur, jajibirin Sallah

Ƙanwata,

Wa alaikis salam wa rahmatullah. Baba ya iso lafiya, maganinsa yana nan, Ni'imat ce take ɗiga masa.

Kin faɗi daidai, ban yarda da ke ba. Na ce wa Ni'imat labarin ya cika kyau, mai ban ruwa ya faɗo daidai ranar da ake nemansa. Na wanke Fijo, na goge ta har tana ɗaukar ido, na tuƙa ta zuwa filin jirgi da niyyar in miƙa masa mukulli ya dawo da mu.

Amma maganarki ta bi ni har can. Da na hango shi ya fito yana jan akwati, sai na ce bari in gani da kaina, don in samu abin da zan rufe miki baki da shi. Ban kira shi ba, ban ɗaga hannu ba. Na tsaya a bakin hanyar da zai bi, ta damarsa, babu kowa a tsakaninmu. Idonsa a buɗe, yana ta dube-dube yana nemana. Ya wuce ni, har gefen jallabiyarsa ya shafi hannuna.

Na ce wataƙila cunkoso ne. Sai na jera da shi, kafaɗa da kafaɗa, muka taka tare har bakin ƙofar fita. Nahid, ina jin ƙamshin turarensa. Ya tsaya ya ciro waya yana faɗa, "Yaron nan har yau bai san lokaci ba." Wayata ta yi ƙara a aljihuna. Ya zabura, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya ce, "Kai! Yaushe ka zo?"

Na ce, "Yanzun nan, Baba." Na rungume shi don kada ya ga fuskata.

Da muka isa wurin mota ya zagaya ta, ya daddanna sababbin tayoyin, ya ce ba laifi. Ya miƙo hannu.

Na ce, "Ni zan tuƙa."

Ya ce, "Ba wasa nake yi ba, ba ni."

Na ce, "Ba zan ba ka ba, Baba. Yau ba zan ba ka ba, bayan Sallah ma ba zan ba ka ba."

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Ita ma ta saye ka ke nan." Ya buɗe ƙofar baya, can kujerar ƙarshe inda ake cusa yara da kaya, ya zauna.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Na yi kuskure a hanya ya fi sau nawa, giya ta yi mini ƙara, wata tirela ta kusa matse ni, ina jira ya yi mini tsawa, bai ce uffan ba. Sai da muka wuce garin Abu Hummus na ji muryarsa daga baya, a hankali.

"Ta rubuto maka zancen mai ban ruwan nan."

"Ta rubuto."

"Wane irin kaya ta ce ya sa?"

"Ruwan lemo, Baba. Daga wuya har ƙafa."

"A filin jirgi kuma, tun yaushe kake tsaye?"

 Na duba madubi na ga ya ɗaga tafin hannunsa na dama a gefen fuskarsa, yana matso da shi gaba kaɗan kaɗan, yana neman inda zai fara ganin sa. Sai da hannun ya kusa zuwa saitin hancinsa ya tsaya. Ya sauke shi a cinya.

Jiya na je tasha na gaya wa Mu'allim Dasuƙi ya ba wani layin. Babu wanda ya yi dariya. Har yanzu ban yarda da motarku ba, kuma ban janye maganar mai gyaɗa ba, amma na janye ta Rawan, ki yafe mini, Ni'imat ma ta ce ki yafe mata.

Abin da na gaya miki tun farko shi ma yana nan. Tun Laraba yake zaune a ɗaki yana kallon bango, bai tambayi mukulli ba, bai tambayi motar ba, abinci sai an yi da gaske. Ni ba ya yi mini magana. Ina jin tsoro, Nahid, kuma ban san abin da zan yi masa ba. Ki kira shi gobe bayan an sauko daga Idi. Ba zai ɗauka ba, amma ki kira, ki sake kira.

Yayanki,
Midhat